Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Ƙarshen Fim ɗin Barkwancin Ƙauye

Yawancin finafinan ban dariya da ake kallo a Madarunfa daga Kano suke zuwa. A da, a kaset da faifai suke shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, cikin kayan 'yan kasuwa. Yanzu kuwa a waya ake tura su, a rumfar mai caji ko ta intanet. Ba a bukatar tafinta, tunda Katsinawa ne suka kafa Maraɗi, har yau kuma sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Labarin waɗannan finafinai kuma galibi a ƙauye ake kafa shi: danga, rumbu, jaki, rijiya, zauren mai gari. Wato mutumin Gabi ko Safo ko Jiratawa da ya zauna kallo, gida irin nasa yake gani, amma yadda wani mazaunin birni ya tsara shi. Saboda haka ya kamata ya san inda ake gane ra'ayin mai fim game da mutanen karkara. A tsakiyar fim kowa ana yi masa dariya, da malami da attajiri da mai unguwa. Sai a minti goman ƙarshe ake sanin wanda aka bari a tsaye da wanda aka bari a ƙasa.

Irin fim ɗin da ake kira camama yana da ƙarshen da duk mai kallo ya sani. Wani shaƙiyyi ya shafe awa guda yana damfarar gari: ya sayar da akuyar da ba tasa ba, ya yi shigar boka, ya karɓi kuɗin aure a hannun mutum biyu a kan yarinya ɗaya. Sai asiri ya tonu a lokaci guda. Waɗanda ya cuta su haɗu a ƙofar gidansa, a bi shi da gudu ta cikin gonar dawa, mata da taɓare, yara da ihu, hularsa ta faɗi ya dawo ɗauka a cafke shi. Daga nan sai fada. Mai gari yana kan buzu, dogari yana tsaye, mai laifi ya durƙusa yana haki.

"Kai, me ya kai ka?"

"Ranka ya daɗe, sharrin Shaiɗan ne."

"Shaiɗan ɗin ne ya cinye kuɗin akuyar?"

"Allah ya ja zamaninka, tare muka ci."

A yi dariya, liman ya yi nasiha ta minti ɗaya, a yanke hukunci: ya biya, ko ya sha bulala, ko ya bar gari. Wani ya ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sunayen 'yan wasa su fara hawa.

Wannan tsari ya girmi kyamara. Tun a tatsuniya haka Gizo yake: ya yi ta wayo, ya ci na kura, ya ci na zaki, daga baya dabara ta juye masa ya sha da ƙyar, a ce ƙurunƙus. Gobe kuma a sake kawo shi sabo fil, bai tuba ba, ba a kuma sa ran ya tuba. A nan Nijar wasan kwaikwayo, wanda ake kira teyatur, ya ƙara wa tsarin ƙarfi. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya suna gasar wasa a bikin matasa na ƙasa, kuma hukuma tana so wasan ya wayar da kai: a kai yara makaranta, a je asibiti, a daina almubazzaranci a biki. Wasan da aka ɗora wa irin wannan nauyi dole ya ƙare a gaban wani mai iko da zai faɗi darasin da bakinsa. Gwanaye irin su Yazi Dogo sun iya sa mutane dariya har su riƙe ciki, amma su ma a cikin wannan shingen suka yi aikinsu. Da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano da Turmin Danya a 1990, 'yan ƙungiyoyin wasan daɓe ne suka yi shi, sai suka taho da al'adarsu gaba ɗaya.

Akwai kuma hannun hukuma. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. Mai shirya fim ya san cewa in ya nuna ɓarna, hanya mafi sauƙi ta tsallake tacewa ita ce a ga mai ɓarnar ya gamu da sakamakonsa kafin a rufe. Abin kuma ba wasa ba ne. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Rabilu Musa Ibro, wanda ya fi kowa suna a camama, wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Abin mamaki, Ibro tsohon ma'aikacin gidan yari ne kafin ya koma wasa. Ikon wannan hukuma bai wuce iyakar Kano ba, balle ya ƙetaro Nijar, amma fim ɗin da ya iso Madarunfa ya riga ya bi ta hannunta. Nasihar liman da kuke gani a ƙarshe, wani lokaci daga zuciyar marubuci ta fito, wani lokaci kuwa kuɗin fito ne kawai, kuma ana ganewa: in an yi ta a gurguje, 'yan wasa suna tsaye kamar masu jiran a sallame su, to ta biyun ce.

Dalili na uku kasuwa ce, kuma shi ya fi ɓata ƙarshen finafinai. A zamanin kaset da faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ne masu sayen fim su rarraba. Labari ɗaya in an raba shi biyu, an sayar sau biyu. Shi ya sa ake yanke fim daidai lokacin da aka ɗaga sanda, a rubuta cewa mu haɗu a kashi na biyu. Sau da yawa kashi na biyun maimaici ne da 'yar ƙarin guje-guje. Wani lokaci ma ba ya fitowa sam, in na farkon bai yi kasuwa ba. Mai kallo ya biya kuɗin labari, an ba shi rabi.

To, ya abin yake a wasu ƙasashe? Jamus misali ce mai kyau, ko da yake mu nan mun fi saninta ta rediyo da ƙwallon ƙafa. Jamusawa suna da tsohuwar al'adar fim ɗin ƙauye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu biranensu sun zama kufai, kuma wajen mutum miliyan 12 aka koro daga yankunan gabas suka zo neman wurin zama a cikin abin da ya rage na ƙasar. A wannan hali ne finafinan da suke kira Heimatfilm suka cika gidajen sinima: duwatsu, daji, makiyaya, cocin gari, kayan gargajiya. Hans Deppe ya yi biyu daga cikin mafi shahara, Schwarzwaldmädel a 1950 da Grün ist die Heide a 1951, kowanne miliyoyin mutane suka kalle shi. A na biyun, wani tsohon mai gandu da yaƙi ya raba da ƙasarsa yana farauta a ɓoye ba da izini ba, 'yarsa kuma suna soyayya da jami'in gandun dajin da ke neman mai laifin. Ƙarshen irin waɗannan finafinai sananne ne: biki, kiɗa, baiko, baƙo ya zama ɗan gari. Mutanen da suka rasa gida suna so a nuna musu cewa akwai inda za a karɓe su. Daga baya matasan masu fim na Jamus suka yi wa wannan salo ca, suka ce zuma ce ake shafa wa mutane a baki don kada a tuna abin da ya faru a zamanin Hitler. Salon ya kwanta na tsawon shekaru.

Da ya farfaɗo, da barkwanci ya dawo, musamman a jihar Bavariya, wadda Munich ce babban birninta. Fim ɗin da ya buɗe ƙofar shi ne Wer früher stirbt ist länger tot, na Marcus Rosenmüller, wanda ya fito a 2006. Wajen mutum miliyan 1.8 suka kalle shi a sinima, duk da cewa da karin harshen Bavariya aka yi shi, kuma a 2007 Rosenmüller ya karɓi kyautar gwarzon darakta ta ƙasar. Yana da kyau a tsaya a kan labarinsa, don ƙarshensa ya saɓa wa namu ta hanyar da za ta koya mana wani abu.

Sebastian yaro ne ɗan shekara 11, a wani ƙauye inda ubansa Lorenz yake da gidan abinci. Wata rana ƙiriniyarsa ta jawo hatsarin da ya kashe zomayen wansa. Cikin fushi wan ya gaya masa abin da aka ɓoye masa: uwarsu wajen haihuwarsa ta rasu, don haka shi ya kashe ta. Yaron ya ɗauki maganar da gaske. Mutanen garin 'yan Katolika ne, sun yi imani da wani matsayi na azaba da ake wanke mai zunubi a cikinsa kafin ya shiga aljanna, sai yaron ya fara lissafin shekarun da zai yi a wuta. Ya rasa wanda zai tambaya sai dattawan da ke zaman dindindin a teburi ɗaya a gidan abincin uban, kamar dai 'yan fadar shayi a ƙofar gida, masu amsa kowace tambaya ko sun sani ko ba su sani ba. Duk abin da suka faɗa cikin raha, shi kuma ya tafi ya aikata. Ya nemi hanyar da ba zai taɓa mutuwa ba, aka ce masa mawaƙa sunansu ba ya mutuwa, sai ya koma koyon jita. Ya ga cewa in ya samo wa ubansa mata zai rage zunubi, sai zaɓi ya faɗa kan malamarsu ta makaranta, Veronika, wadda take da miji, Alfred, mai gabatar da shiri a gidan rediyo. Uban da malamar kuwa suka kamu da son juna da gaske. Yaron ya yanke cewa saura abu ɗaya: a kawar da mijin. Ya ɗauki bindiga ya nufi gidan rediyon. Can ya tarar da Alfred, wanda ya riga ya gano abin da ke tsakanin matarsa da Lorenz, yana ƙoƙarin rataye kansa. Harbin yaron ya tsinke igiyar. Wanda ya zo kisa ya zama shi ya ceci rai, kuma fim ɗin ya rufe da yaron yana kaɗa jitarsa a rediyo.

Ku lura da abin da babu a nan. Ba a kai kowa gaban mai gari ba. Ba wanda ya tsaya ya karanta darasi. Soyayya da matar aure ta wuce ba hukunci, abin da ba zai taɓa tsallake tacewa a Kano ba, mai kallo a Madarunfa ma zai yi tsaki, kuma yana da hujjarsa. Ba ina cewa a kwaikwayi wannan ba. Abin dubawa shi ne ginin. Duk abin da aka shuka a farkon fim ya tsiro a ƙarshe: tsoron zunubi, shawarar dattawa, jita, rediyo. Matsalar da aka fara da ita, wato yaro yana ganin shi mai kisa ne, ita aka warware, kuma da aiki aka warware ta. Mutanen ƙauyen an yi musu dariya son rai, da camfinsu da surutunsu, amma ba a kawo wani ɗan birni ya gyara musu zama ba. A cikinsu ciwon ya taso, a cikinsu maganin ya fito.

Jamusawa ma suna da nasu salon na mu haɗu a kashi na biyu. Daga 2013 zuwa 2023 an yi fim tara a kan wani ɗan sandan ƙauye mai suna Franz Eberhofer, daga littattafan Rita Falk, Ed Herzog yana ba da umarni, Sebastian Bezzel yana fitowa a matsayin ɗan sandan. Kowane fim sunan wani abincin Bavariya yake ɗauke da shi. Franz malalaci ne, kakarsa ke ciyar da shi, ya fi son zaman hira da abokai a kan aiki, kuma maganar aurensa da budurwarsa Susi kullum ana ɗaga ta daga wannan fim zuwa wancan. Bambancin da namu shi ne kowane fim yana rufe nasa labarin: an yi kisa, an gano wanda ya yi, an gama. Halin mutanen ne kawai ba ya canzawa, kamar yadda Gizo ba ya canzawa. Garin da ke cikin labarin, Niederkaltenkirchen, ƙirƙirarre ne, amma a wani ƙaramin gari na gaske mai suna Frontenhausen ake ɗaukar da yawa daga cikin fim ɗin. Mutanen garin ba su ji an ci musu fuska ba. Shataletalen da ke yawan fitowa a fim ɗin ma sun raɗa masa sunan Franz Eberhofer, baƙi suna zuwa ɗaukar hoto a wurin.

Me ya sa wani ƙauye zai yi alfahari da fim ɗin da ke tsokanarsa? Amsar tana cikin al'adarmu, ba sai mun je Turai ba. Wasan taubasai da barkwancin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Kanawa da Zagezagi, yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Shi ya sa ba ya zama gaba. A 2014 UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Da wannan ma'aunin nake auna ƙarshen fim ɗin ƙauye. In an shafe awa guda ana yi wa baƙauye dariya, ya ga lif ya gudu, ya sha ruwan wanke hannu a otal, ya gaida mutum-mutumin shago, to a ƙarshe an ba shi damar ramawa? An nuna abin da ya sani wanda ɗan birni bai sani ba? In fim ya rufe yana nan a wawansa, an maido shi gida a bayan a-kori-kura ana yi masa dariya, wannan ba wasan taubasai ba ne, cin fuska ne da aka yi wa kiɗa.

A nan ne nake ganin mutane ba su yi wa Ibro adalci ba. Masu ilimin boko sun daɗe suna raina camama, suna cewa shirme ne na 'yan ƙauye. Amma Ibro, wanda aka haifa a 1971 a Ɗanlasan ta ƙasar Kano ya kuma rasu a Disambar 2014, ɗan karkara ne da ke wasa da abin da ya sani. Mutumin da yake fitowa a matsayinsa, da doguwar jar hularsa, ba dolo ba ne. Shi ne mai wayon. Alhaji mai kuɗi, ɗan sanda, malamin tsibbu, ɗan boko mai Turanci, duk sukan faɗa tarkonsa. Ko an kama shi a ƙarshe, ya riga ya ci rabonsa, kuma bakinsa ba ya mutuwa ko a gaban alƙali. Talakan ƙauye da ke kallo ya san hukuncin na dole ne, amma dariyar tasa ce. Har batun duniya yakan jawo cikin wasansa, kamar Ibro Usama na 2002, wanda wani masanin Jamus, Matthias Krings na jami'ar Mainz, ya yi nazari a kansa. Inda finafinan suka gaza shi ne gini. Da yawa ba a rubuta ƙarshensu ba kafin a fara ɗauka, sai rana ta yi sanyi, kuɗi ya ƙare, a ce to a bi shi da gudu.

Nijar tana da nata misalin da ya cancanci matasa su nema su kalla. A 1974 Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Bafaranshen nan Jean Rouch suka yi Cocorico Monsieur Poulet, suka sa masa hannu da suna ɗaya, Dalarou, wanda suka haɗa daga farkon sunayensu. Labarin mutum uku ne, Damure da Lam da Tallou Mouzourane, da suka bar Yamai a wata tsohuwar mota ƙirar Citroën 2CV za su shiga daji saro kaji su kawo birni. Motar ba ta da takardun kirki, tana mutuwa a kowane kwari, har ta kai ana ƙetare kogin Kwara da ita ta hanyoyin da hankali ba zai ɗauka ba, ga kuma aljana da ta sa su gaba. Yawancin maganganun a take 'yan wasan suka ƙirƙire su. A wannan fim, waɗanda suka fito daga birni da injinsu da lissafin ribarsu su ne abin dariya, daji kuwa yana da dokokinsa da ba ya sassauta wa kowa. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, Damure kuma a 2009.

Yanzu kasuwar faifai ta mutu, abin ya koma talabijin da YouTube da TikTok, kuma wannan ya sake taɓa ƙarshen labari ta fuska biyu. Shirye-shirye masu dogon zango irin Daɗin Kowa da Gidan Badamasi na tashar Arewa24 an gina su ne don kada su ƙare, kowane mako a bar mai kallo da ƙishirwa. Gajerun bidiyon barkwanci na minti biyu ko uku kuwa ba su da wurin fada da nasiha, a kan mari ko gudu ake yanke su. Amma sauyin ya zo da wani abu da ba a taɓa samu ba. A da sai mai jari a Kano ne zai iya nuna ƙauye. Yau saurayi a Madarunfa da waya mai kyamara da abokai uku zai iya, kuma yana da wuraren da babu irinsu a finafinan Kano: tafki da masuntansa, kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, lambunan Jiratawa, dajin Baban Rafi, hadahadar iyaka a Ɗan Isa, inda ake lissafi da sefa da naira a lokaci guda. Kuɗin da YouTube ke biya ya danganta da yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka zauna, saboda haka bidiyon da mutane ke bari a tsakiya don sun riga sun san da gudu za a ƙare, shi ne wanda ba ya kawo komai.